Wane Mutum Ne Ya Ɗumama Duniya? Tsokaci Kan Muhawarar Sauyin Yanayi a Ƙasar Hausa

Duk shekarar da hunturu ya yi tsanani, kamar yadda yakan yi a Kano da Zariya da Damagaram cikin watan Janairu, ba a rasa wanda zai ce, to ina ɗumamar da ake ta faɗa? Na ji wannan tambaya daga bakin direban mota, na kuma ji ta daga bakin malamin jami'a, ban kuwa ɗauke ta shirme ba. Mai tambayar ya dogara ne da abin da fatarsa ta gaya masa, kuma kalmomin da aka yi masa bayani da su ba su taimake shi ba. Da kalmar "yanayi" muke faɗin halin da gari ya waye da shi yau, da ita muke faɗin damina da rani, da ita kuma muke faɗin halin da sararin wata ƙasa ya saba kasancewa a kai cikin shekara talatin ko ɗari. Idan likita ya ce mura ta yi yawa saboda sauyin yanayi, shigowar sanyi yake nufi. Idan gidan rediyo ya ce ana taron duniya kan sauyin yanayi, wani abu ne daban ƙwarai, amma kunnen mai sauraro lafazi ɗaya ya ji. "Ɗumi" kuwa a wajen Bahaushe abin so ne. Ana jin ɗumi da asubar ɗari, ana yi wa jariri wanka da ruwan ɗumi, ana karya kumallo da ɗumame. Tun kafin a buɗe muhawara, mun riga mun laƙaba wa matsalar suna mai taushi.

Matsayina a wannan tsokaci shi ne, hujjar cewa ayyukan ɗan Adam ne suka jawo zafin da duniya ta ƙara cikin shekaru ɗari da hamsin ɗin nan ta kai ƙarfin da mai adalci ba zai iya ture ta ba. Sai dai yadda ake isar da maganar a ƙasar Hausa ya bar giɓi biyu: ba a fayyace wane mutum ake nufi ba, ba a kuma rarrabe ɓarnar da sama ta yi da wadda sakacinmu ya yi ba.

Ya kamata a fara da bai wa masu shakka haƙƙinsu, domin hujjarsu mafi ƙarfi daga tarihi take, kuma tarihin gaskiya ne. Suna cewa yanayi bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Hamadar Sahara da muke gani yau ta taɓa zama makiyaya mai tafkuna, tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Zanen raƙuman dawa da ke jikin duwatsun Dabous a yankin Agadas shaida ne, haka ma kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya tono a 1987 a yankin da yanzu yake cikin jihar Yobe, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Babu masana'anta ko mota a wancan zamani, amma ruwa ya zo ya tafi. Ko a jiya-jiyan nan, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ne a lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba. Ashe fari ba baƙo ba ne, in ji su, me ya sa sai yanzu za a ɗora wa mutum?

Amsar ita ce, sauyawar yanayi a dā ba ta nuna cewa yana sauyawa haka siddan. Ruwa ba ya tsami banza. Kowane sauyi na baya yana da sanadinsa, kuma masana sun bi sawun waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya. Korewar Sahara ta biyo bayan sauyin da ke faruwa sannu a hankali a yadda duniya ke jirkice yayin kewaya rana, abin da ke ɗaukar dubban shekaru. Wannan ba zai iya bayanin zafin da ya taru cikin ƙarni ɗaya ba. An tuhumi rana kanta, amma tun 1978 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfin haskenta, ba a ga ya ƙaru ba, alhali zafin ƙasa yana ta hawa. An tuhumi duwatsu masu aman wuta, sai aka tarar iskar kabon da suke fitarwa a shekara ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na wadda mutane ke fitarwa ba. Hasali ma babban aman wuta sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci, kamar yadda na dutsen Pinatubo a ƙasar Filifin ya yi bayan 1991.

Abin da ya rage a hannu shi ne iskar kabon, kuma sanin aikinta ba sabon abu ba ne da 'yan siyasar zamani suka ƙirƙiro. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta nuna cewa kwalbar da aka cika da wannan iska ta fi ta iskar banza ɗaukar zafi a rana. John Tyndall ya auna yadda take tare zafi a 1859. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin yadda duniya za ta yi zafi idan yawanta ya ninka. Bayanin a taƙaice shi ne, hasken rana yana ratsa iska ya sauka a ƙasa, ƙasa ta yi zafi ta mayar da zafin sama, sai iskar kabon ta tare wani sashe nasa kamar yadda bargo ke riƙe zafin jikin mai barci. Bargon kansa rahama ne, domin ba don shi ba da duniya ta daskare. Matsalar ita ce ƙara masa kauri. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da ke kewaye da mu. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai kusan 315. Yau ta haura 420. Ƙanƙarar da aka haƙo a ƙuryar kudancin duniya, wadda ta adana kumfar iskar shekaru 800,000, ta nuna cewa a tsawon wannan zamani duka adadin bai taɓa zarce kimanin 300 ba.

Akwai shaidu biyu da nake ganin sun fi sauran yanke gardama, kuma ba kasafai ake jin su da Hausa ba. Ta farko, kabon ɗin da ya ƙaru yana ɗauke da tambarin inda ya fito. Akwai wani nau'in kabon, mai lamba 14, wanda ke lalacewa da daɗewa, don haka babu shi a cikin kwal da fetur da gas da suka shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa. Tun a 1955 Hans Suess ya lura cewa rabon wannan nau'i a cikin iska yana raguwa, wato ana surka iskar da tsohon kabon da aka tono aka ƙona. Ta biyu, da rana ce ta ƙara ƙarfi, da sararin sama ya yi zafi daga ƙasa har bisa. Abin da aka auna kuwa shi ne, ƙasa-ƙasa yana zafi, can bisa, sama da inda jiragen sama ke tafiya, yana sanyi. Haka ake tsammani idan bargo ne ke tare zafi daga ƙasa, kuma Syukuro Manabe da abokin aikinsa sun yi hasashen hakan tun 1967, kafin a tabbatar da shi da awo. Bisa irin waɗannan hujjoji ne kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa babu sauran kokwanto kan hannun ɗan Adam, ya kuma ƙiyasta ƙarin zafin da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyos idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa har zuwa lokacinta.

Akwai kuma masu cewa ruwa da iska da zafi ikon Allah ne, kuma danganta su ga mutum shisshigi ne. Ba na ganin akwai saɓani a nan, kuma malamanmu sun daɗe da warware irin wannan a babin sababi. Manomin da ya san Allah ke ba da amfani bai fasa kai taki gona ba. Wanda ya cinna wa daji wuta, wutar da ikon Allah ta ci, amma shi za a kai gaban alƙali. Inda aka yi kuskure, a nawa ganin, shi ne masu wayar da kai sukan zo da maganar kamar an ba mutum zaɓi tsakanin imaninsa da ma'aunin zafi. Duk wanda aka ba wannan zaɓi a ƙasar Hausa, an san abin da zai ɗauka, kuma laifin na mai gabatarwa ne.

Yanzu sai babbar tambaya. Idan an ce mutane ne suka jawo, su wane ne? Na sha jin shirye-shiryen wayar da kai inda ake tashi daga ɗumamar duniya a dira kai tsaye kan matar da ke girki da itace da makiyayin da ke sassabe wa shanunsa ganye. Wannan zargi yana da dogon tarihi a yankinmu, kuma ya cancanci manazarta su san shi. A 1935 wani masanin gandun daji Bature, E. P. Stebbing, ya wallafa cewa Sahara tana kwararowa kudu za ta haɗiye arewacin Nijeriya, ya kuma ɗora laifin kan noma da kiwo da ƙonan daji na 'yan ƙasa. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai kuwa tarar da hamadar da ke tafiya kamar yadda aka faɗa ba. Duk da haka zargin bai mutu ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, Jule Charney ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo ne ya tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan ya hana hadari haɗuwa. Ma'ana, mutanen Sahel su suka kori ruwansu da hannunsu. Ra'ayin ya samu karɓuwa, ya shiga manufofin gwamnatoci da na masu ba da agaji.

Bincike na baya ya juya akalar maganar. Chris Folland da abokansa a 1986, sannan Alessandra Giannini da abokanta a 2003, sun nuna cewa mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel yana bin zafin ruwan tekuna ne, musamman bambancin zafi tsakanin arewaci da kudancin Atalantika da kuma ɗumamar tekun Indiya. Wasu nazarce-nazarcen sun ƙara da cewa hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka riƙa fitarwa bayan yaƙin duniya na biyu ya sanyaya arewacin duniya, ya taimaka wajen tura damina kudu. Idan haka ne, akwai hannun mutum a farin da ya kashe shanun Fulani da raƙuman Buzaye, amma hannun ba na makiyayin ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A daidai lokacin da ake zarginsu, manoman nan wani aiki suke yi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan arewa, ya nuna cewa a kewayen Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, gonaki ba su rasa itatuwa ba, domin manomi yana tsaron dorawarsa da tsamiyarsa da kukarsa kamar yadda yake tsaron rumbunsa. A jihohin Maradi da Damagaram kuwa, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture yana girma a gona maimakon sassabe shi, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kimanin hekta miliyan 5. Alƙaluman hayaƙi ma sun isa shaida: nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da ake fitarwa daga man fetur da kwal da gas ba. Abin da ke kan ɗan Nijeriya a shekara bai kai tan ɗaya ba, na ɗan Nijar bai kai ko rabin wannan ba, na Ba'amurke kuwa ya kai tan 14.

Ba ina wanke mu tas ba ne. Sare daji don gawayi ɓarna ce ta gaske, tana kashe ƙasa, tana kawo zaizaya, tana ƙara wa gari zafi. Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi ƙona gas a banza a rijiyoyin mai. Amma a kira kowane laifi da sunansa. Mai saran itace yana cutar da ƙauyensa. Ba shi ya ɗaga zafin tekun Indiya ba.

Game da abin da zai biyo baya, yawancinmu mun ɗauka ɗumamar duniya na nufin fari kawai, domin fari ne tabon da ke jikinmu. Abin da ake gani ya fi haka rikitarwa. Ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, sai dai ya sauya hali. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Dalili ɗaya shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita, wannan bambanci kuma yana ƙarfafa hadari. Wani dalilin na gama-gari shi ne iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, kimanin kashi 7 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya. Ga manomi, jimillar ruwan shekara ba ita ce magana ba. Ruwan da ya sauka kamar da bakin ƙwarya cikin dare ɗaya, sannan ya ɗauke kwana ashirin lokacin da gero ke fitar da kai, ya cika ma'aunin hukuma amma bai cika rumbu ba. Wanda ya yi binne yana jiran ruwan shuka ya fi kowa sanin wannan.

Zafin kansa shi ne abin da na fi jin tsoro, domin mun saba da shi har ba ma lissafa shi cikin masu kisa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ana cikin azumi, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Wani babban asibiti a Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum fiye da ɗari cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Masanan da suka yi nazarin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar da mutum ya jawo ba, da bai kai haka ba. Bazarar Sakkwato da Maiduguri da Yamai ba ta da nisa da wannan iyaka. Ƙarin digiri ɗaya a ƙasar da ke da sanyi sauƙi ne, amma a inda ake kwana a waje don ɗaki ya gagara, shi ne tsakanin wahala da jana'iza.

Sai dai a nan ne kuma nake rabuwa da wasu da muke gefe ɗaya. "Sauyin yanayi" ya fara zama rigar da kowane mai sakaci ke yafawa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, kuma nazari ya nuna ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin ruwan da aka yi a wannan shekara. Amma an daɗe da sanin cewa duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo a Kamaru, kogin Binuwai zai cika, kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don tare shi har yau ba a kammala ta ba. Madatsar Alau da ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta nutsar da babban sashe na Maiduguri ta taɓa jawo wa garin ambaliya a 1994. Sama ta ba da ruwa, amma gyaran madatsa da yashe magudana da hana gini a kan hanyar ruwa ba aikin sama ba ne. Mutanen Nijar sun gane wannan tun tuni: yunwar 1984 sun sa mata suna El-Buhari, domin a tunaninsu rufe iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar, wanda ya tsayar da shigar hatsi, yana cikin abin da ya mai da fari yunwa.

Haka batun Tafkin Chadi. Ana yawan cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari saboda ɗumamar duniya, a tsaya nan. Gaskiya ne ya faɗo daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ɗan ƙanƙani a shekarun 1980. Amma tafki ne marar zurfi da ya saba kumbura da tsukewa, mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, kuma hotunan taurarin ɗan Adam na shekaru ashirin ɗin baya ba su nuna yana ci gaba da ƙanƙancewa ba. A ɓangarenmu kuma, madatsun Tiga da Challawa sun rage ruwan da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru, kuma wannan shawara ce da mutane suka yanke a ofis. Duk wanda ya cusa wa ɗumamar duniya abin da ba nata ba, yana ba mai shakka makami ne, domin ranar da aka kama shi da ƙari a wuri ɗaya, za a ƙaryata shi har a inda ya faɗi gaskiya.

Me ya shafi manazarcin Hausa a cikin wannan duka? Abu na farko shi ne kalmomi. Muna da sassan koyar da Hausa a jami'o'i da dama, amma har yanzu ba mu tsayar da lafazi biyu da za su raba halin garin yau da halin ƙasa na tsawon zamani ba, mun bar wa masu fassarar labarai su yi ta fama cikin gaggawa. Ni dai da za a bi tawa, da an bar "yanayi" ga na yau da gobe, a nemi wani abu kamar "ɗabi'ar yanayi" ga na dogon zamani, a kuma duba ko "ƙaruwar zafin duniya" ba ta fi "ɗumama" faɗin gaskiyar abin ba. Ban ce lalle waɗannan ne ba, amma a zauna a yanke.

Na biyu shi ne taskar da ke bakin tsofaffi. Tashoshin auna ruwa a yankinmu kaɗan ne, tarihinsu gajere ne, wasu ma sun yi shekaru ba sa aiki. Amma kusan kowane gari yana da sunayen yunwarsa, kamar Kakalaba da 'Yar Buhu ta 1927, yana da lissafin shekarun fara, yana da fadamar da aka daina noman shinkafa a cikinta, da rijiyar da aka ƙara wa gaba biyar, da irin dawar da aka bari don ba ta nuna kafin ruwa ya ɗauke. Akwai sunayen unguwanni da ƙauyuka da ke ɗauke da sunan itace ko tafkin da babu shi yanzu. Michael Watts ya yi amfani da irin wannan a littafinsa na 1983 kan yunwa a arewacin Nijeriya, amma da Ingilishi ya rubuta, kuma fiye da shekara arba'in ke nan. Waɗanda suka yi noma da hankalinsu kafin farin 1973, suka san yadda marka take a shekarun 1950 da 1960, yau sun haura saba'in da biyar. Ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku da ke neman batun bincike suna iya fara ɗaukar muryoyinsu daga wannan rani, gunduma-gunduma, a rubuta da shekara da sunan wuri yadda masanin yanayi zai iya ɗora bayanin a kan alƙalumansa.